Malamin da ya ƙi cewa "ka shirya": nazarin wani horon babur na sa kai a Ingila

A Birtaniya akwai wani daɗaɗɗen tsari inda direba ko mahayin babur da ya riga ya mallaki lasin yake komawa ɗalibi da son ransa. Ƙungiyoyi biyu ne suka fi shahara da wannan aiki: IAM RoadSmart da aka kafa a 1956, da kuma sashen ƙwararrun direbobi na RoSPA, ƙungiyar rigakafin haɗurra wadda tushenta ya koma 1916. Kowace tana da ƙananan rassa a garuruwa, kuma 'yan sa kai ne ke riƙe da su. Mutum zai biya kuɗin rajista da na jarrabawa, sai reshe ya haɗa shi da malami guda, su biyu kawai, su riƙa fita hanya har ya shirya. Malamin ba ya karɓar ko sisi na koyarwa. A ɓangaren babur dai al'ada ce ɗalibi ya taimaka masa da kuɗin man da ya ƙona. A mota kuwa doka ma ta raba gardama, domin a ƙasar babu mai karɓar kuɗi ya koyar da tuƙin mota sai wanda hukuma ta yi wa rajista a matsayin malamin tuƙi.

Abin da ake koyarwa ya samo asali ne daga 'yan sanda. An buɗe makarantar tuƙin 'yan sandan Landan a Hendon a 1935, kuma tsarin da aka gina a can shi ne ya zama littafin Roadcraft, wanda ya fito ga jama'a a tsakiyar shekarun 1950, daga baya aka yi masa ɗan'uwa na masu babur. Galibin masu yi wa mutane jarrabawar ma 'yan sanda ne, masu ci ko masu ritaya.

Lamarin da za a duba ya faru ne a wani reshen RoSPA da ke yankin karkara, tsakanin malami ɗaya da ɗalibi ɗaya. Babu wanda ya faɗi, babu wanda ya ji ciwo. Saɓani ne a kan kalma ɗaya, ko ɗalibin ya shirya ko bai shirya ba.

Mutanen biyu

Ɗalibin mutum ne ɗan shekara hamsin da 'yan kai, ma'aikacin kantin magani. Ya samu lasin babur tun yana saurayi, ya jingine hawa wajen shekara ashirin saboda iyali da aiki, sannan da yara suka girma ya sayi babban babur wanda ƙarfinsa ya ninka na wancan zamanin. Irinsa suna da yawa, kuma malaman horo sun san su sarai: lasin na nan daram, hannu ya manta, inji kuma ya canza. Amma shi ba nishaɗi kaɗai ya kawo shi ba. Yana son shiga ƙungiyar 'yan sa kai masu kai jini da samfurin gwaji tsakanin asibitoci a kan babur, yawanci da dare ko a ƙarshen mako. Irin waɗannan ƙungiyoyi kan nemi shaidar ƙwarewa daga IAM ko RoSPA kafin su ba mutum babur, kuma wadda yake nema ta sa lokacin ɗaukar sababbin mahaya. Ke nan tun ranar farko ya zo da kalanda a zuciyarsa.

Malamin dattijo ne mai ritaya daga aikin wutar lantarki, mai ƙarancin magana, wanda ya ci jarrabawar RoSPA a matakin zinariya, sannan reshe ya horar da shi ya zama mai koyarwa. Sakamakon jarrabawar mataki uku ne, tagulla, azurfa da zinariya, kuma ba a riƙe shi har abada, duk shekara uku sai an sake zama. Shi ma malamin haka yake komawa gaban mai jarrabawa kamar kowa.

Abin da ake gani daga baya

A mota malami na zaune a gefen ɗalibi, yana jin numfashinsa ma. A babur ba haka ba ne. Malami na biye a kan nasa babur, 'yan mitoci a baya, abin da yake karantawa shi ne wutar birki, da inda ɗalibi ya ajiye tayarsa a cikin layi, da yadda hular kwanonsa ke juyawa. Kafin su tashi sai da malamin ya duba lasin da inshora, ya sa ɗalibin karanta lambar mota daga nisan mita 20 kamar yadda doka ta tanada, ya duba zanen taya, wanda ga babban babur bai kamata ya gaza milimita 1 ba. Ya kuma gaya masa abin da ake gaya wa kowane ɗalibi: kai ne mai babur ɗinka, hukuncin kowace kwana naka ne, ni kallo kawai nake yi.

Hanyar da za a bi ma da sigina ake nuna ta. Malami zai kunna tasa da wuri, ɗalibi ya hango a madubi. Wannan dabara tana tona asiri ba tare da an yi magana ba, domin a fitar farko ɗalibin ya wuce mahaɗa biyu yana tafiyarsa gaba gaɗi, malamin na baya sigina na ta ƙiftawa. Bai duba madubi ba.

Babbar matsalar dai a kwana take. Yana shiga da gudun da ya fi ƙarfin abin da yake gani, sai a tsakiyar kwanar wutar birki ta kama. Babur kuwa idan yana kwance aka matse birkin gaba, miƙewa yake son yi, in ya miƙe sai ya buɗe ya nufi waje. A Ingila hannun hagu ake bi, don haka buɗewa a kwanar hagu na nufin shiga layin masu tahowa. Idonsa kuma na kan kwaltar da ke gaban taya, ba can inda hanya ta nufa ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da masu babur ba su wuce kusan kashi 1 cikin 100 na zirga-zirgar hanya ba, amma su ne kusan kashi 20 na waɗanda ke mutuwa a haɗari, kuma hanyoyin karkara suka fi cin rayuka.

Maganin da malamin ya ɗauko shi ne tsarin Roadcraft mai matakai biyar da ake bi a jere kafin a isa kowane wuri mai haɗari: tattara bayani da ido da madubi, gyara matsayi a kan hanya, daidaita gudu, zaɓar giyar da ta dace da gudun, sannan buɗe totur. Jerin ne ke da muhimmanci. A gama birki tun babur na tsaye cak a miƙaƙƙiyar hanya, a sa giya, a shiga kwanar da totur a buɗe kaɗan don nauyi ya zauna daidai a kan tayoyi biyu.

Ya kuma koya masa karanta iyakar gani, wato wurin da gefen hanya na hagu da na dama suke haɗuwa a ido idan an doshi kwana. In wurin nan na matsowa gare ka, gudunka ya yi yawa, rage. In ya tsaya a nisa ɗaya kuna tafiya tare, gudun ya yi daidai. In ya fara gudu yana barinka, kwanar na buɗewa, kana iya ƙara wuta. Sai batun matsayi: a kwanar dama a raɓi gefen hagu, a kwanar hagu a matsa kusa da layin tsakiya, saboda daga can ido ya fi kutsawa cikin kwanar da wuri.

Wata rana malamin ya shiga gaba don ya nuna masa a aikace. Da suka tsaya, ɗalibin bai iya ɓoye mamakinsa ba. Ya ce da ƙyar ya ga wutar birkin dattijon ta kama, amma duk da haka ya kasa kamo shi. Malamin ya ji daɗin yabon. A ganina a nan ne aka shuka matsalar da ta biyo baya, domin darasin da ɗalibin ya tafi gida da shi shi ne cewa wannan tsari na sa mutum sauri.

Gyaran da ya haifi wata matsala

Cikin 'yan watanni hawan mutumin ya canza ƙwarai. Birkin tsakiyar kwana ya ɓace, kai na juyawa, madubi na aiki. Duk wanda ya gan shi daga nesa zai ce gwani ne. Malamin ne kaɗai, da yake shi ke biye da shi mako bayan mako, ya lura da abubuwa biyu. Na farko, matsawa kusa da layin tsakiya ta zame masa farilla, kowace kwanar hagu sai ya je can, ko me ke tahowa. Alhali ƙa'idar ta jera abubuwa uku ne bisa fifiko: aminci, sannan riƙon taya a kan kwalta mai kyau, sannan gani. Ana sadaukar da gani don aminci, ba a yin akasin haka. Na biyu, iyakar gudun irin waɗannan hanyoyi, mil 60 a sa'a, ta koma masa abin da dole sai ya cim ma. Yana da hujja kuwa, domin mai jarrabawa na duba ko mutum na cin hanya yadda ya kamata, ba ya son mai jan jiki babu dalili. Abin da ɗalibin ya manta shi ne takardar jarrabawar da ke auna cin hanya ita ce kuma ke auna kamun kai.

A ƙarshen bazara, lokacin girbi, suka doshi wata kwanar hagu mai dogon shingen itatuwa. Ɗalibin na kusa da layin tsakiya kamar kullum. Wata tarakta mai jan tirela ta ɓullo, tayarta ta haye layin. Ya kauce, amma a makare, ƙarfen tirelar ya wuce dab da kafaɗarsa.

Da suka samu wuri suka tsaya, labarin ɗalibin gajere ne: mai tarakta ne ya shigo masa layi. Gaskiya ne kuwa. Malamin bai musa ba, tambayoyi kawai ya yi. Me ka gani a kan kwalta kafin kwanar? Ɗalibin ya yi shiru, can ya tuna akwai sawun laka da ɓurɓushin ciyawa. Ta saman shingen fa? Bai duba ba. Malamin ya ce shi tun daga baya ya hango fitilar rawaya da ke juyawa a kan taraktar tana tafe ta saman itatuwan. Sai tambaya ta ƙarshe: da a ce taraktar a naka layin take tsaye, ta lalace, za ka iya tsayawa?

"Ina jin zan iya," in ji ɗalibin.

"Zo mu auna."

Suka ajiye babura suka taka da ƙafa, daga inda ya fara kwantar da babur zuwa iyakar abin da ake iya gani. Bai wuce mita 50 ba. Shi kuma da bakinsa ya ce yana tsakanin mil 50 da 60. Littafin dokokin hanya na ƙasar ya ba da nisan tsayawa mita 53 a mil 50, mita 73 a mil 60, kuma wannan lissafin mota ne a busasshiyar hanya, ba babur da ke kwance a kwana ba, wanda rabon riƙon tayarsa ya riga ya tafi wajen juyawa. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Nasa idon ya koyi bin iyakar gani, bai koyi kimanta nisan tsayawa ba. Ga shi kuwa duk ginin Roadcraft a kan jimla ɗaya ya tsaya: ka kasance kana iya tsayawa lafiya, a naka ɓangaren hanya, cikin nisan da kake gani babu komai a kai.

A ranar malamin ya gaya masa ba zai ce ya shirya wa jarrabawa ba.

Saɓanin

A nan ne yanayin aikin sa kai ya fito fili. Malamin ba shi da ikon hana kowa komai. Jarrabawar a buɗe take, ɗalibin na iya neman ta da kansa gobe, ya biya, a ba shi rana. Abin da dattijon ya mallaka kawai shi ne kalmarsa. Ɗalibin kuma ya ji zafi, domin lokacin ɗaukar masu kai jini ya matso, kuma a ganinsa ana hukunta shi ne a kan laifin mai tarakta. Ya kai ƙara wurin jami'in horo na reshen, ya nemi a canza masa malami.

Jami'in, wanda babban malami ne, ya fita da shi sau ɗaya don ya gani da idonsa. Hukuncinsa ya bambanta: a yadda mutumin ya hau ranar, zai ci jarrabawa. Ya kuma kawo hujjar da ba za a raina ba. Reshe ba hukuma ba ne, mai jarrabawa ne ke yanke hukunci, kuma ɗalibin da aka matsa wa har ya yi fushi ya tafi, ya tafi ke nan da rabin ilimi, babu mai sake ganinsa. Gara a riƙe shi a cikin reshe, ya ci jarrabawa, a ci gaba da gyara shi a fitar da ake yi tare.

Malamin ya ce bai musa cewa zai ci ba. Mai jarrabawa zai gan shi na sa'a ɗaya da 'yan mintuna, a ranar da ya fi kowace rana kiyayewa. Shi kuwa ya ga halinsa lokacin da ya manta ana kallonsa. Kuma takardar da yake nema za ta ɗora shi a kan babur da tsakar dare, cikin ruwan sama, da akwatin jini a baya da tunanin cewa wani na jira.

Ina ganin malamin ya fi gaskiya, amma ba don hanyarsa ba ta da aibi ba. Ya koyar da matsayi da iyakar gani kafin ƙa'idar tsayawa ta zauna a jikin ɗalibin, kuma ya yi hawan nuni da saurin da ya burge maimakon ya koyar. Wannan tarko sananne ne a fagen. Norway ta tilasta wa sababbin direbobi darasin sarrafa mota a kan santsi a 1979, binciken da aka yi daga baya ya nuna haɗurra a hanya mai santsi ƙaruwa suka yi a tsakanin samari, saboda ƙarfin gwiwar da suka samu ya zarce ƙwarewar. Shi ya sa masu binciken koyar da tuƙi a Turai suka kasa koyon tuƙi mataki huɗu: sarrafa abin hawa, mu'amala da sauran masu hanya, dalilin tafiyar da yanayinta, sannan halin mutum da abin da ke tura shi. Ɗalibin nan ya yi nisa a biyun farko. Matsalarsa na sama, a wajen gaggawa da son a ce ya iya. Kwas na yini ɗaya ba zai gano wannan ba. Sai wanda ya daɗe yana bin mutum ɗaya, wanda kuma babu kuɗin da zai rasa in ya faɗi abin da ba a so ji. (Wannan ne ma ya sa nake taka-tsantsan da masu cewa 'yan irin waɗannan ƙungiyoyi sun fi kowa ƙarancin haɗari saboda horon kawai. Wanda ya kai kansa a gyara masa tuƙi ai dama mai kiyayewa ne.)

Jami'in bai canza malamin ba, bai kuma goyi bayan kowa a fili ba. Ya ce su ƙara 'yan fita, amma a sauya salo, in ɗalibin bai gamsu ba ya nemi jarrabawarsa babu mai riƙe shi. Ɗalibin ya amince, ba da daɗin rai ba.

Abu na farko da malamin ya yi shi ne ajiye babur. Ya shiga motar ɗalibin ya zauna a gefe, ya ce ya tuƙa yana faɗin duk abin da yake gani da abin da zai yi a kai, dabarar da 'yan sanda ke amfani da ita a horonsu. A babur ba ka jin tunanin mutum, a mota kana ji. Cikin mintuna kaɗan abin ya bayyana: bakinsa cike yake da abin da ke nan, alamar hanya, kwana, mota a gaba, amma babu ko kalma a kan abin da ka iya kasancewa. Ƙofar gona ba ta sa ya ce ƙila dabba ko tarakta. Kwandunan shara a bakin titi ba su sa ya ce ƙila motar kwasar shara na tsaye bayan kwana. Suka yi ta maimaitawa har "ƙila" ta shiga bakinsa.

Na biyu, a ranar atisayen da reshen ke yi a wani fili da babu motoci, aka sa shi taka birkin gaggawa. Ashe tun da ya sayi babur ɗin bai taɓa matse birkin gaba har na'urar hana kullewar taya ta motsa ba. Ya ga da idonsa inda yake zaton zai tsaya da inda ya tsaya a zahiri. Bayan haka suka koma hanyoyin karkara da sharaɗi ɗaya: duk abin hawan da ya ɓullo daga gaba, ko keke ne, a bar layin tsakiya a dawo ciki, in gani ya ragu gudu ma ya ragu.

Lokacin ɗaukar masu kai jini ya wuce shi. Da kaka ta yi nisa malamin ya ce masa ya nemi rana. Ya ci a matakin azurfa. Abin da mai jarrabawa ya rubuta a kansa shi ne hawansa na da aminci da tsari, amma ya bar damar wuce mota fiye da sau ɗaya inda hanya ta ba shi, kuma a wasu kwanoni ya rage gudu fiye da buƙata. Jami'in horo ya ce abin da ya ji tsoro ke nan, an ja shi baya har ya rasa zinariya. Malamin ya ce wuce mota abu ne da za su iya gyarawa kafin shekara uku ta zagayo.

Reshen ya sauya abu ɗaya a tsarinsa: yanzu sabon ɗalibi ba ya fara darasin matsayi a kwana sai ya yi atisayen birki a fili, kuma ana gaya wa malamai su yi hawan nuni da gudun da ɗalibi zai iya bi ba tare da ya matsa wa kansa ba. Batun ko malami na da hurumin ƙin cewa "ka shirya" ga wanda zai iya cin jarrabawa kuwa, an tattauna shi a taron malamai ba a cim ma matsaya ba, aka bar wa kowane malami hukuncinsa. Ɗalibin ya shiga ƙungiyar kai jini a zagaye na gaba, kuma da ya nemi ci gaba da fita don neman zinariya, dattijon nan ya zaɓa.